Maganin matsi na maleriya: ceto yake yi ko kisa?

"Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, daga nan zuwa babban asibiti awa uku ne a mashin in da rani ne, in damina ta zauna kuwa rafi ya kawo sai a kwana ba a haye ba. An koya mana sa wa yara maganin matsi na atesunet ta dubura in an kawo su da zazzaɓi mai tsanani kafin mu tura su gaba. To kwanaki wani abokin aikina yake ce min wai an yi bincike a Adamawa an gano yaran da aka sa wa ma sun fi mutuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a dakata. Wani kuma ya ce a'a, ai an tabbatar yana ceton rai. Dan Allah wanne ne gaskiya? Wallahi yanzu in zan sa wa yaro hannuna har rawa yake."

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. In na fahimce ki, bincike biyu ne suka zo miki da magana biyu masu karo da juna a kan magani ɗaya, kuma ke ce mai riƙe da yaron da tsakar dare, kina so ki san wanne za ki bi. To duka mutum biyun nan babu wanda ya yi miki ƙarya, sai dai kowa rabin labari ya kawo. Amsata tun daga farko ita ce ki ci gaba da sawa ga yaron da bai kai shekara 6 ba in dai ba ki da allurar atesunet a hannu, kuma ki tura shi nan take. Amma ba na so ki karɓa don kawai likita ya faɗa, gara mu bi binciken ɗaya bayan ɗaya ki ga yadda ake auna su, don gobe ma wani zai zo miki da wani "an gano".

Tukuna, me maganin yake yi

Yaron da maleriya ta kai shi ga taune-taune, ko ya daina shan nono, ko duk abinda aka ba shi sai ya amayar, ko ya yi laushi ba ya iya zama, ko ba ya gane kowa, wannan ba a maganar ba shi ƙwaya ta baki. Jajayen ƙwayoyin jininsa da cutar ta shiga suna mannewa ne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi suna toshe su. Atesunet ya fi kwinin ne saboda yana kashe ƙwayoyin cutar tun suna ƙanana suna yawo cikin jini, kafin su girma su manne. Shi kwinin sai sun ɗan girma yake kama su.

Wannan ba hasashe bane, an gwada. A 2005 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna SEAQUAMAT da aka yi a Bangaladash, Indiya, Indunusiya da Miyanma, mutum 1,461 yawancinsu manya: waɗanda aka yi wa allurar atesunet 15 cikin 100 suka rasu, na kwinin 22. Sai a 2010 AQUAMAT ya biyo baya da yaran Afirka 5,425 a asibitoci 11 na ƙasashe 9, har da Ilori da Kumasi, inda aka samu 8.5 cikin 100 a ɓangaren atesunet, 10.9 a ɓangaren kwinin. Wato in kin yi wa yara 41 atesunet maimakon kwinin, kin tsira da rai ɗaya da da ya tafi. A kan wannan babu gardama. Amma ki lura, duka a cikin asibiti aka yi su, inda akwai ƙarin jini da ƙarin ruwa da nas a kan yaro. Abinda ya dame ki shi ne hanyar da ke tsakanin ƙauye da wannan gadon, kuma a nan ne hujja take da ƙaranci.

Gwajin 2009, wanda kowa ke jingina da shi

Babban gwaji guda ɗaya ne tal aka yi na maganin matsin da ƙuri'a, a ƙauyukan Bangaladash, Gana da Tanzaniya, aka buga a mujallar Lancet a 2009. An shigar da mutum 17,826 da ake zargin maleriya ce kuma ba sa iya shan magani ta baki. Ƙuri'a ce ta raba su gida biyu, rabi aka sa musu atesunet, rabi aka sa musu fanko, wato matsi mai kama da shi sak amma babu magani a ciki, kuma da mai sawa da iyayen yaro babu wanda ya san wanne ne wanne. Kowa aka ce ya wuce asibiti. Da aka cire waɗanda jininsu bai nuna maleriya ba da waɗanda an riga an yi musu allura, saura 12,068.

Ki riƙe maganar ƙuri'ar nan da kyau don ita ce ƙashin bayan komai. In ƙuri'a ce ta raba, to yaran da suka fi jigata, da 'ya'yan talakawa, da na nesa da titi, duk za su rabu kusan daidai a ɓangarorin biyu, don haka bambancin da ya fito a ƙarshe maganin ne ya kawo shi ko kuma dace ne kawai, shi kuma dacen akwai lissafin da ake auna shi.

To me ya fito? Mutum 154 cikin 6,072 suka rasu a ɓangaren magani, 177 cikin 5,996 a ɓangaren fanko. Wato 2.5 da 3.0 cikin 100. Gaskiya wannan ratar ba ta kai a buga ƙirji a ce ba dace bane, masu binciken da kansu sun rubuta haka. Sai da aka haɗa mutuwa da nakasa ta dindindin, 156 da 190, sannan ta tsallake da ƙyar. Nakasar kuwa 2 ne da 13.

Inda abin ya fi ba da ma'ana shi ne da aka duba lokaci. A cikin awa 6 na farko babu wani bambanci, 56 suka rasu a masu magani, 51 a masu fanko. Kuma haka hankali zai ɗauka, maganin yana buƙatar awanni kafin ya rage ƙwayoyin cuta, yaron da aka kawo yana gargara ba abinda matsi zai yi masa. Amma waɗanda awa 6 ta wuce ba su isa asibiti ba, wanda rabinsu ma har bayan awa 15 suna hanya ko suna gida, a nan ne aka ga mutuwa ko nakasa 29 cikin 1,566 a masu magani, 57 cikin 1,519 a masu fanko. Rabi kenan. Kinga wannan rukunin su ne irin yaranki na bayan rafi.

Sai dai dole in faɗa miki raunin wannan lissafin, don masu tallar maganin sukan ɗauki "yana rage mutuwa da rabi" su yi ta yawo da shi kamar shi ne sakamakon gwajin gaba ɗaya, alhali wani yanki ne aka yanko. Shi kuma jinkirin isa asibiti abu ne da ya faru bayan an riga an sa maganin, ƙila ma maganin ne ya sa wasu iyayen suka yi jinkiri da suka ga yaro ya ɗan farfaɗo, to kinga ƙuri'ar ba ta kare wannan yankin yadda ta kare gwajin duka ba. Duk lokacin da aka ce miki magani ya yi aiki "a wani rukuni", ki tambaya, rukunin nan tun kafin a fara aka ce za a duba shi ko sai da aka ga sakamako aka je aka zaƙulo? In mutum ya yanyanka bayanai gida ashirin dole ya samu ɗaya da ya yi kyau. Ni dai na yarda da wannan ɗin ne saboda ya dace da yadda muka san maganin yana aiki a jiki, ba don lissafin kaɗai ba.

Akwai kuma rabon shekaru. A yara 'yan wata 6 zuwa shekara 6, 123 cikin 4,063 suka rasu da magani, 163 cikin 3,987 da fanko, kusan rai ɗaya kenan a duk yara 100 da aka sa wa. A manyan yara da manya kuwa, waɗanda a Bangaladash kaɗai aka ɗauke su, abin ya juye: 31 da magani, 14 da fanko. Har yau ba a samu gamsasshen bayanin dalili ba, adadin kaɗan ne zai iya zama dace, amma tunda babu wani gwajin da ya wanke shi, WHO ta tsaya a kan ƙasa da shekara 6. Shi ya sa in aka kawo miki ɗan shekara 9 ba matsi za ki sa masa ba, allura ce a tsoka, atesunet in akwai, in babu sai atemita (wata allurar maleriyar ce), in ita ma babu sai kwinin.

Abinda ya faru a Adamawa

Maganin bai samu shiga kasuwa da tambarin ingancin WHO ba sai 2018. Daga nan aka ce to bari a raba shi a gani yadda zai yi a rayuwa ta yau da kullum, ba cikin gatan gwaji ba. Shi ne aikin CARAMAL, daga 2018 zuwa 2020, a Kwango ta Kinshasa, Yuganda, da Najeriya a ƙananan hukumomin Fufore, Mayo-Belwa da Song. An bi yara 6,286 'yan ƙasa da shekara 5 da aka kai wa ma'aikacin lafiya na ƙauye ko ƙaramin asibiti, aka koma bayan kwana 28 a ga wa ya rayu.

Abinda aka gani a Adamawa ya tayar da hankali, ba na ɓoye miki. Cikin yara 589, 69 suka rasu. Kafin a kawo maganin mutuwar wajen 4 cikin 100 ce, bayan an kawo ta haura 16. Waɗanda aka sa wa, kusan 20 cikin 100 suka rasu, waɗanda ba a sa wa ba kusan 8. A Yuganda kuma gaba ɗaya 19 ne suka rasu cikin 3,686, ko 1 cikin 100 bai kai ba. A kan haka ne WHO ta fitar da sanarwa a Janairun 2022 cewa ƙasashen da ba su fara ba su dakata, waɗanda suka fara kuma kar su faɗaɗa sai sun duba tsarinsu. Nan labarin abokin aikinki ya tsaya.

To yanzu yi masa tambayar farko: wa ya zaɓi yaron da za a sa wa? Ba ƙuri'a bace. Ma'aikaci ne irinki ya duba da idonsa. Ke kanki ki tuna, in saura matsi biyu a akwatinki aka kawo yara huɗu, wa za ki sa wa? Wanda idonsa ya kakkafe mana, ba wanda yake kuka da ƙarfinsa ba. Ni ma shekarun da na yi a ɗakin yara na gaggawa haka muke yi, in iskar oksijin ta yi ƙaranci wanda ya fi galabaita muke sa wa, kuma da wani zai zo ya ƙirga sai ya ce yaran da aka sa wa oksijin sun fi mutuwa, kuma lissafinsa daidai ne, fassararsa ce ba daidai ba. Masu binciken sun yi ƙoƙarin gyara wannan da lissafi, sun sa alamomin tsanani a ma'auni, amma abinda aka rubuta a takarda kaɗai ake iya gyarawa. Wannan kallon da gogaggiyar ma'aikaciya take yi wa yaro gabanta ya faɗi, babu gurbinsa a fom.

Na biyu, kwatanta "kafin" da "bayan" yana da nasa ramin. Yaran da ake kamawa a lissafi suna canzawa, da zarar gari ya ji an kawo sabon magani sai a fara kawo yaran da a da a gida za su mutu ba wanda ya rubuta su. Damina ba ɗaya take da wata ba, ga korona ta faɗo a watannin ƙarshe na aikin. Sannan ki dubi Yuganda da Adamawa, magani iri ɗaya amma mutuwa ta ninka fiye da sau ashirin, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba irin yara ɗaya ake ƙirgawa ba, kuma ba irin hanya ɗaya suke bi ba.

Na uku, tsinken gwajin maleriya ya nuna layi biyu, wato akwai cutar a jini, ba ya nufin maleriya ce take kashe yaron. A watan Agusta da Satumba yara da yawa a ƙauye suna ɗauke da ƙwayar cutar suna wasansu. Yaro zai zo da sanƙarau ko nimoniya ko ƙwayar cuta ta shiga jini, a gwada a ga maleriya, a sa matsi, alhali abinda yake nema allurar kashe bakteriya ce. Atesunet ba zai taɓa waɗannan ba ko ta wace hanya aka ba shi.

Da WHO ta tara masana masu zaman kansu a Oktoban 2022 suka sake tona bayanan, matsayar da suka kai ita ce tsarin binciken ba zai iya nuna cewa maganin ne ya ƙara mutuwa ba, kuma a 2023 aka sabunta sanarwar, shawarar amfani da shi ta ci gaba tare da jaddada sai an gyara turawa da abinda ke biyo baya. Wannan ne rabin da bai iso wajenku ba.

Amma kar ki watsar da CARAMAL

Nan ne nake rabuwa da wasu abokan aikina da suke cewa binciken banza ne. Bai iya amsa "maganin yana aiki?" ba, amma ya amsa wata tambayar da gwajin 2009 bai iya amsawa ba, wato me ke faruwa da yaro bayan an sa masa. A Adamawa 48 cikin 100 ne kawai suka isa asibitin da aka tura su, a Kwango 67, a Yuganda 58. Cikin waɗanda suka isa ɗin ma, a Najeriya ƙalilan ne aka rubuta sun samu ACT, wato haɗin maganin maleriya na sha da ake cikawa da shi, kafin a sallame su. A gwajin 2009 kuwa mafi yawan marasa lafiyar sun isa asibiti, don akwai ma'aikatan bincike a kansu suna bibiya. Ashe kenan abinda aka gwada a 2009 ba matsi kaɗai bane, matsi ne da asibiti a bayansa. In kika cire asibitin, kin fita daga inda hujjar ta tsaya.

Kuma na ga yadda abin yake faruwa da idona ba sau ɗaya ba. Akwai wata yarinya 'yar shekara biyu da wani abu da ba na mantawa, an sa mata matsi a ƙauyensu da daddare, da asuba ta buɗe ido ta nemi nono, sai uban ya ce alhamdulillahi ta warke, kuɗin mashin da na asibiti a bar shi a sayi hatsi. Ban ga laifinsa ba wallahi, lokacin ana tsakiyar noma ne rumbu ya yi ƙasa. Kwana uku aka kawo mana ita tafin hannunta fari fat kamar takarda, numfashi sama-sama. Allah ya sa akwai jini a ranar, ta tashi. Wasu da suka zo a irin wannan halin ba su tashi ba. Matsi ɗaya yana rage ƙwayoyin cutar sosai amma ba ya ƙarar da su, ba ya mayar da jinin da ya ƙone, ba ya ɗaga sugan da ya faɗi. Aron awanni ne yake ba ki, kuma haɗarinsa shi ne yana yin aikin da kyau har iyaye su zaci an gama.

Akwai ma wata damuwar da ta wuce yaro ɗaya: atesunet shi kaɗai ba tare da an bi shi da ACT ba yana barin ƙwayoyin da suka fi taurin kai su rayu su yaɗu. An riga an tabbatar da irin waɗannan masu jinkirin mutuwa a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya.

Za ki kuma ji ana kawo labarin Serenje a Zambiya, inda aka raba matsin tare da kekunan ɗaukar marasa lafiya da wayar da kan gari a 2017 zuwa 2018, aka ce mutuwa ta sauko daga 8 cikin 100 zuwa ƙasa da 1. Labari ne mai daɗi kuma ina ganin akwai darasi a ciki, amma adalci shi ne mu auna shi da mudun da muka auna Adamawa. Shi ma kafin da bayan ne, babu ƙuri'a, kuma ba za ki iya raba aikin maganin da aikin keken ba. Ba daidai bane mu ƙi bincike don ya ɓata mana rai mu rungumi wani mai irin rauninsa don ya faranta mana.

In kin ce to me ya sa ba za a sake gwajin da ƙuri'a ba a huta? Saboda yanzu babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a sa wa yaro mai taune-taune fanko alhali an san atesunet yana kashe ƙwayar cutar. Don haka da wannan gwaji ɗayan za mu zauna, da duk gibinsa. Kuma kar ki ce ai hankali ma ya isa ba sai an gwada ba. Shekara da shekaru muna ɗura wa yara masu zazzaɓi da suka galabaita ruwa da sauri ta jijiya muna ganin taimako ne, sai gwajin FEAST a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya fito a 2011 da yara sama da 3,000, ya nuna waɗanda aka ɗura wa sun fi mutuwa cikin awa 48, wajen 10.5 cikin 100 a kan 7.3. Ranar da na karanta shi jikina ya yi sanyi, don ni ma na yi hakan da hannuna da kyakkyawar niyya.

To ke yanzu ya za ki yi

In kina da allurar atesunet kuma an horar da ke, ita ce gaba da matsi, a tsoka, miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya wuce. In babu, matsi miligiram 10 a kowane kilo, wato ƙwaya ɗaya mai 100 ga ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 3, biyu ga ɗan shekara 3 zuwa ƙasa da 6. Ki matse ɗuwawun kamar minti 10, in ya fito da shi cikin rabin awa ki sake sa wani. Ki kula da ajiya, zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano yana lalata shi, wanda ya narke ko ya fashe ba na sawa bane.

Kar ki tsaya a nan. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ki kwantar da shi a gefe, ki hana a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo a baki, shaƙewa yake yi ya tafi huhu. In babu abin auna suga ki ɗauka ya faɗi, ki jiƙa ɗan sukari ki sa masa ƙarƙashin harshe, an gwada wannan a Mali da Burkina Faso, gwaje-gwajen ƙanana ne amma abin ba shi da tsada kuma haɗarinsa kaɗan ne. In ƙa'idar aikinku ta ba ki dama ki yi masa allurar farko ta kashe bakteriya kafin ya tafi, saboda abinda na faɗa a kan sanƙarau. Ki rubuta a takarda abinda kika ba shi da ƙarfe nawa, don mu da muke karɓa sau tari ba mu san an sa komai ba.

Maganar da za ki yi da iyaye kuwa a wajena ta kai maganin muhimmanci. Kar ki ce "na sa masa magani". Ki ce na sa masa abinda zai riƙe shi a hanya ne, zai iya farfaɗowa nan da safe, in ya farfaɗo ɗin ma ku tafi, don ciwon yana nan kwance. Ki faɗa wa wanda ke da ikon yanke hukunci da kuɗin, in uban ba ya nan a kira shi a waya ko a nemo kakan, don uwa ita kaɗai sau da yawa ba za ta iya cewa a tafi ba ko ta so. A can asibiti abinda ya kamata ya samu shi ne allurar atesunet aƙalla sau uku cikin awa 24, sannan cikakken ACT na kwana uku. In sun dawo ki tambaya ko an ba su na kwana ukun, in ba a ba su ba ke ki ba su.

Saura daren da rafi ya kawo. A nan zan gaya miki gaskiya hujjar gwaji ba ta kai can ba, babu babban gwaji da ƙuri'a da ya auna yaron da aka riƙe a ƙauye da matsi da ACT ba tare da ya je asibiti ba. Abinda jagororin WHO suka bayar dama a kai shi ne in turawa ta gagara sam, a ci gaba da ba shi maganin har ya iya haɗiya, da zarar ya iya a fara masa ACT a cika kwana uku. Ni ma da ni ne a wurin haka zan yi, don barin yaro haka nan ya fi komai muni, amma da ruwa ya janye zan tura shi ko ya tashi yana wasa, saboda ƙarancin jini. Ni aikina yawanci a ɓangaren masu karɓa na yi shi, ban san asibitinki ba kuma ban san abinda jiharku ta rubuta muku ba, don haka ki zauna da mai kula da ku a ƙaramar hukuma ku fitar da matsaya a rubuce tun kafin ruwa ya sauka, kar sai yaro yana hannunki ki fara neman izini a waya.

Sannan wani abu da za ki iya farawa gobe ba tare da kowa ya ba ki kuɗi ba: ki ware shafi a rajistarki, duk yaron da kika sa wa matsi ki rubuta ranar, ko ya isa asibiti, awa nawa ya ɗauka, ko ya samu ACT, da halin da yake ciki bayan wata ɗaya. Wannan ba zai gaya miki ko maganin yana aiki ba, kin riga kin ga dalili. Amma zai nuna miki a ina yaranki suke maƙalewa, kuɗin mashin ne, ko mai kwale-kwale ne ba ya fita da dare, ko a can ne ake cewa babu jini. In damina ta wuce ki ɗauki shafin ki kai wa mai gari da kwamitin lafiya na unguwa, ku nemi 'yan acaɓa biyu ko uku da za su yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, a ajiye musu kuɗin mai a hannun wani amintacce, lambobinsu kuma ki manna a bangon ɗakin da kike duba yara.